Daga Doki Zuwa Roka: Tarihin Gem ɗin Tseren Samaniya

Mai karatu, in ka taɓa ganin yara a gidan gem suna tsere da jiragen da ba sa taɓa ƙasa, to ka sani abin ya daɗe, kuma tare da fim ya girma.

A 1973 kamfanin Atari na Amurka ya fitar da Space Race: roka biyu, hoto baƙi da fari, kowa na kauce wa duwatsun sama. A 1990 Nintendo na Japan ya kawo F-Zero mai motoci masu shawagi. Wipeout ya biyo baya daga Ingila a 1995, har aka nuna samfurinsa cikin fim ɗin Hackers.

Amma babban auren fim da gem sai a 1999. George Lucas ya sa tseren yaro Anakin cikin Star Wars: The Phantom Menace, kamfaninsa LucasArts kuma ya mai da shi gem a shekarar. Dubi tseren da kyau: inji biyu na jan mazaunin direba, tamkar dawaki. Ai tseren keken doki ne na Ben-Hur, fim ɗin 1959, aka sauya wa riga!

Ashe doki ne asalin abin. To, mu da muka gaji sukuwa da hawan sallah, daga Katsina har Matazu, me ya hana 'yan fim ɗinmu ɗaukar tseren da zai sa ɗan kallo ya miƙe tsaye? Lucas aro ya yi. Mu kuwa namu na gida ne.