Wa Ke Ciyar da Dokin Sukuwa?

Na tashi a wani ƙauye na ƙasar Tofa, inda gona ke manne da gona, ba saura, ba makiyaya mai faɗi. A irin wannan ƙasa, duk wanda ya ɗaure doki a turke ya ƙara wa gidansa bakin da ba ya noma amma kullum sai ya ci. Kawuna yana da wani akawal da yake ji da shi. Da salla yakan bi tawagar hakimi, da rani yakan ba da shi haya ga masu hawan angwanci, in kuma an buɗe gasa sai a kai shi Filin Sukuwa da ke Nasarawa a birnin Kano. Ni ne mai ɗebo masa harawa da dusa, mai jiƙa masa kanwa. Tun a lokacin nake tambayar kaina: daga wane aljihu kuɗin wannan wasa ke fitowa? Sai a shekarar 2020 na sami amsa.

Amsar tana da tushe mai nisa. Doki a ƙasar Hausa ya fara ne a matsayin makami da alamar mulki. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Ana kuma danganta kafuwar hawan salla da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Sarautu irin su Madaki da Shamaki duk a gindin doki suka tsiro: wannan jagoran mayaƙan dawaki, wancan mai kula da bargar sarki. Maƙwabciyarmu Dawakin Tofa ta daɗe tana mazaunin Madakin Kano. A wancan zamani ba a tambayar ribar doki, domin haraji da ganima ke ciyar da shi.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, yaƙi ya ƙare, amma dawaki suna nan. Sai aka juya su zuwa ado da wasa. Aka yi gagarumin hawan daba a Kano a 1913, aka sake wani a 1925 domin Yariman Ingila. Turawa suka shata filayen sukuwa da na folo a unguwanninsu, suka kawo tsarin kofi da kyautar kuɗi. Mu kuwa muka karɓi fili da kofi, muka riƙe tsohuwar hanyar ciyarwa: sarakuna da hakimai da attajirai su ne masu dawaki, su ne kuma masu ba da kyauta. Wasan da ke rayuwa a kan alherin manya yakan yi rauni ranar da hankalinsu ya koma wani wuri. Filin sukuwar Legas shaida ne, domin tun 1972 ya zama Dandalin Tafawa Balewa.

A haka annobar korona ta same mu. Tun a watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, safarar dawaki daga Nijar da Chadi ta yi wuya. A ranar 11 ga Afrilu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Kano, ranar 16 ga watan aka kulle jihar. Aka soke hawan ƙaramar salla, aka soke na babba. Bukukuwan aure suka zama na 'yan mutane kaɗan, ba kilisa, ba gasa. Duk ƙofofin da kuɗi ke shigo wa mai doki suka rufe a wata guda, alhali turke bai san kulle ba. Asarar ba ta tsaya kan masu dawaki ba. Mahaya da yaran barga, da dukawa masu ɗinkin sirdi, da maƙera masu linzami da likkafa, da masu sayar da kayan doki a Kasuwar Kurmi, da manoma irinmu masu kai harawa birni, kowa ya ji a jikinsa.

Ba mu kaɗai annobar ta daka ba. An soke gasar kofin duniya ta Dubai, mai kyautar dala miliyan 12. A Amurka an ɗage gasar Kentucky daga Mayu zuwa 5 ga Satumba. Amma a Ingila, bayan dakatarwa tun Maris, an koma sukuwa ranar 1 ga Yuni ba tare da 'yan kallo ba. Abin da ya ba su wannan dama shi ne kuɗin talabijin da harajin da doka ta ɗora wa kamfanonin caca tun 1961 domin raya wasan. Can ana iya sukuwa a fili wayam a sami kuɗi. Nan in babu taro babu komai. Hanyar caca kuwa addininmu ya toshe ta, ba kuma na fatan a buɗe.

To, ina mafita? Na ga uku. Ta farko, ƙungiyoyin masu dawaki su kafa asusu daga kuɗin ƙofa da tallan kamfanoni, a riƙa ware kaso domin mahaya da yaran barga ranar da wasa ya tsaya. Ta biyu, a dawo da kiwon dawaki gida, domin wanda ke jiran doki daga ƙetare, ranar da aka rufe iyaka ya tashi a tutar babu. Ta uku, a tsara lokutan gasa su dace da hawan salla, musamman tunda hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin al'adun duniya a Disamba 2024, baƙin da suka zo kallon hawa su biya su ga sukuwa. Hausawa sun ce dokin mai baki ya fi gudu. Faɗar wannan ba wuya, aiwatarwa sai an yi riƙon amana da lissafi a rubuce.

Kawuna bai jira ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Da damina ta faɗi a 2020, rumbu ya yi ƙasa, ga taki ana nema, sai ya zauna ya auna dawar da akawal ke ci da wadda yara ke ci. Ya ce mini, "Ɗana, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza." Ya sayar da shi ƙasa da yadda ya saya. Ni na ja shi zuwa bakin titi. Sirdin yana nan rataye a zaure, lokaci lokaci yakan sauko da shi ya shafa masa mai. A turken kuwa yanzu rago ne ɗaure.