Daga Tekun Indiya Zuwa Kurmi: Tarihin Wuri

Har yau, in aka yi babban ciniki a kasuwar Tarauni ko a shagunan Gyadi-Gyadi da ke bakin Titin Zariya, akan ce an biya kuɗi wuri na gugar wuri. Kaɗan ne daga masu faɗar haka suka taɓa riƙe wuri, balle su san cewa daga tsibiran Maldib, kudu maso yamma da Indiya, ya fito.

Tun zamanin daular Mauriya, wadda Sarki Ashoka ya mulka a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, Indiya tana da kuɗin azurfa. Amma azurfa ta manyan fatake ce, ba ta mai sayen gishirin miya ba. Wani malamin addinin Buda daga Sin, Fahiyan, wanda ya zaga Indiya wajen shekarar 400 a zamanin daular Gufta, ya rubuta cewa da wuri jama'a ke saye da sayarwa. Mutanen Maldib kuwa, waɗanda suka bi addinin Buda kafin sarkinsu ya musulunta a 1153, su ne masu wannan arziki. Sukan zuba ganyen kwakwa a ruwa, dabbar ta manne, sa'an nan a kwashe a binne a rairayi har naman ya ruɓe, a wanke ɓawon a ɗaure. Jiragen Bangal su kawo shinkafa su koma da wuri.

Ibn Baɗɗuɗa ya ga abin a wuraren biyu. Ya yi alƙalanci a Maldib wajen 1343, inda dinari ɗaya ke sayen wuri 400,000. Da ya iso Mali da Gao bayan shekara goma, sai ya tarar 1,150 kacal ake bayarwa a dinari. Wannan tazara ita ce ribar da ta jawo Turawa. Daga ƙarni na 16 'yan Fotugal, daga baya 'yan Holan da Ingilishi, suka riƙa cika gindin jiragensu da wuri zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, kuma bai kamata a rufe ba, bayi suke saye da shi.

Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Nan da nan ya kama, domin ba ya ruɓewa, ba a jabunsa, kuma yana sayen abu komai ƙanƙantarsa. Aka yi masa ma'auni, watau keso, mai wuri 20,000. A 1851 Barth ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa sun kai wuri miliyan 300 a shekara, a lokacin da 2,500 ke daidai da dala ɗaya ta azurfa.

Yawansa ne ya kashe shi. Daga wajen 1845 'yan kasuwar Jamus suka fara jido wani wuri mai araha daga Zanzibar, daraja ta faɗi, har ya zama ladan ɗan dako kan cinye rabo mai yawa na kayan da ya ɗauko in tafiya ta yi nisa. Ingilishi suka ci Kano a 1903, suka hana shigo da wuri a 1904, suka matsa a biya haraji da sule da kwabo. Attajirin da ya tara kesuna a ɗaki ya wayi gari dukiyarsa na narkewa, ko da yake a kasuwannin ƙauye an ci gaba da ƙirga wuri shekaru da dama bayan haka.