Gona Kyauta, Ruwa da Tsada: Ƙaurar Ƙananan Magidanta zuwa Ƙasar Dakwaro

Wanda ya kama hanyar Dakwaro daga Maraɗi, tafiyar kimanin kilomita 120, idan ya kasa kunne ga sunayen ƙauyukan da ke dama da hagu, zai ji kalmomi kaɗan ne suke ta maimaituwa: Gidan wane, Ɗan wane, Zangon wane, Sabon kaza. Waɗannan sunaye su ne kundin farko na tarihin yankin. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da sunan mutum guda, wanda ya tashi daga gidan ubansa a kudu da mace ɗaya, da goyo, da jaki, da irin shuka a cikin taiki, ya nufo arewa neman wurin da rayuwa ba ta da tsada. A ƙauyuka da dama, idan tsoho ya ƙirga masu gari tun daga na yau har zuwa wanda ya sari dajin, yatsun hannu guda sun ishe shi.

Ba wai ƙasar ba ta da tarihi kafin zuwansu ba. Birnin Lalle, da ke kusa da Dakwaro, tsohon mazauni ne da tarihin baka na Gobirawa ke ambata cikin zangunan da suka yi bayan fitowarsu daga Azbin. Ayarin Abzinawa ya daɗe yana ratsa yankin, makiyaya kuma sun san kowane tafki da kowane kwari nasa. Abin da babu shi a ƙarni na 19 shi ne halin da manomi zai kafa bukka shi kaɗai a tsakiyar daji ya kwana da ido biyu rufe. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, da komawar sarakunan Katsina na Haɓe Maraɗi, da kafuwar Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, jama'a ta cunkushe cikin kwarin Gulbin Maraɗi, a bayan ganuwa da shingen ƙaya. Iyakar gona ita ce inda mutum zai iya shekowa gida da gudu idan an buga gangar hari. Jigawar da ke arewa, mai faɗin da ido ba ya ƙurewa, an bar ta ga maharba da mahara.

Zuwan Nasara ya sauya wannan ta fuska biyu, kuma ba daidai ba ne a faɗi ɗaya a bar ɗaya. Bayan ɓarnar da rundunar Voulet da Chanoine ta yi a 1899, da shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila a farkon ƙarni na 20, hare-hare sun kwanta, daji ya zama wurin da ake iya kwana. Amma mulkin da ya buɗe dajin shi ne kuma ya sa zaman tsofaffin garuruwa ya yi nauyi. Ga lanho da ake biya da kuɗi a kan kowane kai, ga aikin dole wanda ba a soke shi ba sai a 1946, ga dogaran sarki da ke zuwa ƙirgar mutane da dabbobi. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, sannu a hankali gujiya ta zama hanyar samun kuɗin lanho, ta cinye wani kashi na gonakin hatsi. Ƙasar da ke kewaye da garuruwan gulbi ta fara gajiya, ba a barin ta saura yadda aka saba. Masu bincike irin su Guy Nicolas da Claude Raynaut, waɗanda suka yi shekaru suna nazarin ƙasar Maraɗi, sun nuna yadda ƙauyuka suka yi ta tsirowa daga kwari zuwa tudu a wannan lokaci.

Duk da haka, dalilin da ya fi kusa da zuciyar mai ƙaura yana cikin gida ne, wato tsarin gandu. Saurayi ko da ya yi aure ya haihu, yana nan ƙarƙashin maigida, uba ne ko wa. Mafi yawan kwanakin mako yana noman gandu, amfanin kuwa yana shiga rumbun da ba shi ke buɗe shi ba. Rabonsa shi ne gamana, ƴar gonar da yake nomawa a kwanakin da aka bar masa. Maigida ya ciyar da shi, ya biya masa lanho, ya yi masa aure. Wannan kariya ce ta gaske, ba abin rainawa ba ce. Sai dai mutum yana iya yin furfura bai taɓa yanke shawarar abin da za a shuka ba. Idan uban ya rasu aka raba gado tsakanin ƴan'uwa shida ko bakwai, abin da zai samu bai kai ya riƙe iyali ba. A arewa kuwa, ɗan shekara ashirin da biyar yana iya zama maigida cikin damana biyu. Arhar ƙasa ta ja su, amma abin da suka je saye da wannan arha shi ne girma.

Ba a yin ƙaurar rana ɗaya. Da rani namiji zai tafi shi kaɗai ko da ƙaninsa, sau da yawa bisa labarin wani maharbi ko wani ɗan garinsu da ya riga shi. Zai duba ƙasa: inda sabara da kalgo suka yi ƙarfi, inda gawo ya tsaya, inda ciyawa ke nuna akwai laima. Sa'an nan ya je gaban mai gari ko sarkin kanto da goro, ya nemi izini. Ba a sayar masa, ba a auna masa da igiya. A nuna masa itace nan, a nuna masa tudu can, abin da hannunsa ya iya sassabewa nasa ne, sai dami da zai riƙa kaiwa bayan girbi don shaida. A inda al'adun gargajiya suke da ƙarfi, akwai wani izinin da ake nema wurin iskokin wurin kafin gatari ya taɓa itace; a inda malamai suka fi rinjaye, a yi addu'a da sadaka. Damanar farko ana yin ta cikin bukkar kara. Sai rumbu ya tsaya, an ga abin da ƙasar ke iya bayarwa, kafin a koma a ɗauko mace da yara.

Akwai wani abokin tafiya da tarihi ba ya yawan ambata, wato hauya mai doguwar ƙota wadda ake noma da ita a tsaye. A ƙasa mai yashi, mutum guda yana iya share fili mai faɗi da ita cikin ƙanƙanen lokaci. Gida mai hannu biyu ko uku, wanda ba zai iya komai ba a laka mai nauyi ta fadama, a jigawa yana iya noma abin da zai ci har ya sayar.

To amma ƙasar da ta ba da gona kyauta ta riƙe ruwanta. A gulbi, ruwa yana kusa. A tudun Kornaka da Dakwaro sai an yi gina mai zurfi, gaba ashirin ko fiye, cikin yashi mai rubzawa wanda ake tokarewa da itace. Ginin rijiya aikin gwanaye ne da ake ɗaukowa a biya su, kuma yana cin watanni, wani lokaci ya ci rai. Shi ya sa a wannan yanki ba wanda ya fara sassabe ne ke zama mai gari ba, sai wanda ya gina rijiya. Duk wanda ya zo daga baya ya sha ruwanta, ya amsa cewa shi baƙo ne. Har yau, idan rigimar gona ko ta sarauta ta kai gaban hukuma, tambayar da ake komawa gare ta ita ce: kakan wa ya gina rijiyar?

Wannan tsada ta ruwa, mata ne suka fi biyan ta. Matar da ta taso a garin da ke da kasuwa da maƙwabta ta tsinci kanta a wurin da gida uku ne ko huɗu, tana jan wasaki da igiyar da ke tsattsage tafin hannu, ko tana bin jaki zuwa rijiyar wani ƙauye tun da asuba, ta dawo ta tarar da daka na jiran ta. Haihuwa ba uwa a kusa, ba ungozoma sai wadda Allah ya kawo. Yaro ya kamu da ƙyanda ko zazzaɓi, likita na nesa da kwana biyu a kan jaki. Ana kiran ƙauyukan da sunayen maza, amma babu ɗayansu da ya zama gari kafin mace ta yarda ta zauna. A gefe guda, ita ma ta sami abin da ba ta da shi a gidan surukai: gamana mai faɗi, da filin kiwon awaki, da tukunyar da ba wata uwar miji a kanta.

Kwanciyar hankalin da aka je nema kuwa, a gaskiya nisa da hukuma ne. A tunga ba a jin kakakin sarki, mai ƙirga ba ya isowa kowace shekara, ba a kama yaro a kai shi lakwal. Malaman makaranta na yau, da ke fama da iyaye kan rubuta yara, sun san cewa wannan gudu bai gama fita daga jini ba. Abin da kakanni suka ɗauka sa'a ce, jikoki sun biya shi da jahilci. Hukumar ma ba ta bar su sun yi nisa ba. A 1947 Faransawa suka kafa bariki a Dakwaro domin su sa ido kan makiyaya da sababbin ƙauyuka. Kwamanda ya biyo talakawansa arewa da littafin lanhonsa, kasuwa ta biyo kwamanda, garin da ake gani yau ya tashi.

Shekarun 1950 sun zo da ruwan sama mai yawa a duk faɗin Sahel. Hatsi ya yi kyau a wuraren da tsofaffi ba su taɓa jin an shuka ba, labari ya koma kudu, ƙaura ta ƙaru har gonaki suka kai kwarin Tarka. Ba Hausawan Gobir da Katsina kaɗai ba. Akwai Adarawa daga yamma, akwai Buzayen da suka rabu da iyayengijinsu suka kama noma don kansu. Wanda ya zo a waɗannan shekaru ya ɗauka haka sama take a nan kullum. Ba shi da hanyar sanin cewa damunan da ya gani baƙi ne.

Haka nan filin da ya gani ba kowa, ba marar mai shi ba ne. Makiyayi ba ya barin shinge ko kunya a bayansa, sai ya zama kamar bai taɓa wucewa ba. Da farko zaman ya yi daɗi: Bafulatani ya kwana da shanunsa a gona bayan girbi ya bar taki, a ba shi hatsi ya ba da nono, manomi ya ba shi amanar ƴar saniyar da ya saya. Da gonaki suka haɗe, suka rufe hanyar tafki, suka kewaye mashaya, sai ɓarna da tara suka zama maganar kowace kaka. Tun 1955 aka keɓe dajin Gadabeji, mai faɗin hekta dubu 76, aka hana noma a cikinsa. Bayan samun mulkin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa doka mai lamba 61-05 ta ranar 26 ga watan Mayu 1961, wadda ta ja iyakar noma ta arewa. A ƙasar Dakwaro iyakar ta bi wajen Tarka. Dokar ta hana manoma buɗe sababbin gonakin damana a arewa da layin, ta kuma ce dabbar da ta ci gona a can ba a biyan diyya. A takarda magana ta ƙare. A ƙasa kuwa, sarakuna suna son ƙarin talakawa, talakawa suna son gona, layin kuma ba wanda ya gan shi da ido. Aka yi ta ƙetare shi.

Sama ce ta zo ta karɓi bashinta. Farin 1973 da 1974, sa'an nan na 1984, wanda ya haɗu da rufe iyakar Najeriya har mutane suka laƙaba wa yunwar sunan Buhari, sun fi tsanani a kan ƙauyukan arewa, inda babu fadama, babu rogo, babu kasuwa kusa. An ci anza bayan an jiƙa ta kwanaki don ɗacinta ya fita, an tara ƙarangiya an daka. Iyalai da yawa sun bi hanyar da kakanninsu suka zo ta kanta, suka gangara Maraɗi, wasu har Katsina da Kano. Waɗansu sun tarar gonar gadon da suka bari a kudu ta daɗe da shiga hannun ƴan'uwa, suka gane da jikinsu ma'anar kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Abin mamaki, farin bai rage gonaki ba, ƙara su ya yi: makiyayan da dukiyarsu ta mutu su ma suka ɗauki hauya, manomi kuma da ya ga gona guda ba ta cika rumbu sai ya sassabe ta biyu.

Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da miliyan 3 a jihar Maraɗi, fiye da dubu 600 daga cikinsu a gundumar Dakwaro, ko da yake an cire mata Bermo tun 2011. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin kula da filaye, aka shata burtali da mashaya da turaku, dokar kiwo ta 2010 kuma ta sake tabbatar da iyakar 1961. Gonar da aka karɓa da goro yanzu ana sayar da ita da takarda, ana ba da ita jingina lokacin da rumbu ya ƙare, kuma idan gida ya ƙuntata, gamanar mace ce ake fara janyewa. Jikan wanda ya kafa tunga shi ma yana tashi idan an gama girbi, sai dai ba ya ɗaukar iri, ba ya ɗaukar iyali. Yana shiga mota da ƴar jaka zuwa Agadas, ko Libiya, ko Aljeriya, ko wuraren haƙar zinariyar da suka buɗe a arewacin ƙasar tun 2014, matarsa da yaransa suna jiran aike a bakin rijiyar da kakansa ya gina.