Jere: Daga Ƙwarya Zuwa Kabet

A ƙasar Hausa ɗakin mace ake ƙawatawa, turakar maigida kuwa shimfiɗa da buta sun wadatar. Ana gobe za a kai amarya sai gwaggwanni da ƙannen uwa su ɗunguma gidan ango da kaya niƙi-niƙi, su wuni suna jere. Al'adar tana nan, kayan ne suka yi ta sauyawa.

Da fari ƙore ne masu zane, a ɗora ƙarama kan babba, a rufe da faifai, ga akushi a gefe. 'Yar masu hali ce ke samun tasoshin tagulla irin na maƙeran Bida, ko waɗanda ake sayowa a Kasuwar Kurmi, wadda ta kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuɗin gyaɗa ya shiga hannun talakawa, sai kantunan Turawa da na Kwarori suka cika da kwanuka masu fenti. Daga Turai aka fara kawo su, daga baya Hong Kong ta karɓe kasuwar, a 1960 kuma aka kafa kamfanin Nigerian Enamelware a Legas. Langa da fanteka da samira suka ture ƙwarya zuwa madafa.

Wanda bai sani ba zai leƙa irin wannan ɗaki ya ce tarkace ne. Ni ban yarda ba, domin na tashi ina ganin na gwaggona. Samiru ne masu jan fure, an gwama su jeri-jeri har sun kusa taɓa rufi, amma tsakar ɗakin fayau take, daɓe yana sheƙi, mutum biyar za su zauna a tabarma ba takura. Kuma babu kwanon da ba ta san asalinsa ba. Wannan kuɗin ƙuli-ƙuli ne, wancan kwasar adashi ce, na can ƙasa mahaifiyarta ta bar mata. Ranar suna a sauko da su a zuba tuwo da waina, a wanke a mayar.

Kwano asusu ne. Macen da ke kulle ba ta zuwa banki, to a bango take ajiya. In rashin lafiya ya taso, dillaliya ta zo ta ɗauki saiti ɗaya, kafin magariba kuɗi sun shigo hannu. In 'ya ta isa aure, uwa ta rage nata jeren ta ƙara mata. Shi ya sa ɗakin tsohuwa ke ƙara fili yayin da shekaru ke tafiya: kayan sun bi 'ya'ya.

Arzikin man fetur da ƙarin albashin Udoji na 1974 suka kawo gadon ƙarfe mai rumfa da kabet mai gilashi, tangaran ya hau sama. Daga nan abin ya fara ɓaci. Yau sai ka ga an danna kujeru saiti guda a ɗakin da ƙofarsa ba ta buɗuwa sosai, ga furannin roba suna shan ƙurar hunturu, ga katakon da damina ɗaya ke kumbura shi. Wurin shimfiɗa sallaya ma sai an ja tebur. Abin da ya fi ci mini rai shi ne uba ya ci bashi ya saya, in an tashi sayarwa kuma kuɗin ba ya taka kara ya karya.

Da aka zo jeren 'yar ƙanwata, sai da muka auna ɗakin kafin mu shiga kasuwa. Muka ɗauki gado mai ƙwari, kujera biyu, da kwanukan da za ta ci abinci a ciki. Ragowar kuɗin muka saya mata keken ɗinki. Dangin ango sun yi ƙananan maganganu, har wata ta ce, "Hajiya, ɗakin nan ai bai cika ba." Na ce mata, "Yaya, an bar wa baƙi wurin zama ne."