Lokacin da Aka Kashe Mana Sabis a Zamfara

Jama'a, masu gardamar ko soshiyal midiya alheri ce ko sharri, ku zo mu ɗan waiwaya baya. Mu Zamfarawa an taɓa gwada mana zama babu ita, kuma ba mu manta ba.

Da aka ƙirƙiro jihar nan ran 1 ga Oktoba 1996, labari da ƙafa yake tafiya. Sanarwar sarki mai shela ke kewayawa da ita. Wasiƙa kuwa direba ake ba a tasha, ya sauke ta Tsafe in ya nufi Funtuwa, ko Bunguɗu in Sakkwato za shi. Gaisuwa sai a Rediyon Kaduna, labarin duniya a BBC. Wayar NITEL ta ofisoshi ce da gidajen manya. A 2001 aka fara GSM a Najeriya, ta iso mana sannu a hankali, muna bin layi gindin lema muna biyan kuɗin minti. Daga nan sai 2go, sai Facebook, sai WhatsApp. Saƙon murya ne ya ƙarasa aikin, don tsohuwar da ba ta yi boko ba ita ma ta shigo zancen.

Ran 1 ga Satumba 2021 aka sace ɗalibai 73 a sakandaren Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun. Ran 3 ga wata, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, hukumar NCC ta umarci kamfanoni su kashe sabis a faɗin jihar, don a yanke hulɗar 'yan bindiga da masu kai musu bayani. Mako 2 aka ce da farko. Gusau ba ta samu nata ba sai farkon Oktoba, sauran garuruwa kuwa, har da Tsafe da Bunguɗu, sai ƙarshen Nuwamba.

A nan muka gane wayar nan ta wuce abin hira. Masu POS suka naɗe tebur, taransfa ta tsaya cak, ga kasuwannin mako-mako a rufe. Mutum ya biya kuɗin mota har Funtuwa don kiran minti 5, daga baya can ma aka kashe. Mu ma'aikata muka koma kai takarda hannu da hannu. Sai a yi rasuwa a Bunguɗu, ɗan'uwa na Gusau bai ji ba har a kai mamaci makwancinsa. Mafi ciwo, hare-hare ba su tsaya ba, kuma ƙauyen da aka afka wa ba shi da hanyar neman ɗauki.

Amma ga abin da na lura da shi a watannin nan. Duk labarin da ya iso ka, ka san bakin da ya fito: direba wane, liman wane, maƙwabcin da ya dawo daga Tsafe. In ƙarya ya yi, gobe za ku haɗu a masallaci. Yau fa? Murya ce ke yawo a guruf-guruf, ba suna ba gari, wai an tare hanyar Tsafe. Mai mara lafiya ya fasa zuwa asibiti, ɗan kasuwa ya sauke kaya, alhali saƙon na bara ne. Ranar da gargaɗin gaskiya ya zo kuma, an riga an gaji da yarda.

Kashe sabis ba magani ba ne, mun ɗanɗana mun ji. Abin da ya rage mana shi ne mu maido wa labari da mai shi. Kafin ka tura, tambayi wa ya faɗa, yaushe, a ina. In ka rasa amsa, bar shi ya kwana a wayarka.

Waɗanda suka ga wancan lokaci a Tsafe da Bunguɗu, yaya kuka riƙa aika saƙo? Allah Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, amin.