Daga Fijo Zuwa Hilux a Hanyar Illela

Dattawan Lafani da sauran ƙauyukan Illela idan suka ce a-kori-kura, mota ɗaya ce ke zo musu a rai, wato Peugeot mai buɗaɗɗen baya, wadda Bahaushe ya raɗa wa suna Fijo. Ita ce ta daɗe tana jigilar albasa da gero da awaki daga bakin iyakar Ƙonni, ta bi ta Gwadabawa da Kware, ta sauke a Sakkwato.

Wani abin mamaki shi ne, Fijo 504 da Toyota Hilux sa'o'in juna ne. Duka biyun a 1968 aka fara ƙera su, ɗaya a Faransa, ɗaya a Japan. Amma Fijo ce ta riga samun gindin zama a nan, domin a 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna, daidai lokacin da kuɗin Udoji suka cika aljihun ma'aikata. Gwamnati ta mai da ita motar ofis, 'yan kasuwa kuma suka mai da ita jakar kasuwa.

Sirrin Fijo bai wuce sauƙinta ba. Idan ta tsaya a daji, direba ya buɗe gaba, ya hura kafireta, ya goge fulogi, karen mota ya tura, sai ka ji ta tashi. Bakaniken da bai taɓa shiga aji ba yana iya sauke injinta a gindin dalbejiya da safe, ya mayar kafin la'asar. Kayan gyaranta kuwa iri ɗaya ne a Illela da Ƙonni, ga wanda zai biya da naira da wanda zai biya da sefa. Kakana ya ce har waya da tsumma sun sha kai su gida.

Bayan 1986, da darajar naira ta faɗi, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin mai ƙaramin jari, aka koma wa 'yan Kwatano. A 2006 aka daina haɗa 504 a Kaduna.

Hilux ta yau, gaskiya, ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Tana iya ja da ƙafafu huɗu, tana keta rairayin da Fijo kan kafe a ciki, ga sanyi a ɗakin direba. To amma kwamfuta ce ke raba wa injinta mai, kuma idan ta yi gardama sai an nemo mai na'urar da zai karanta ciwonta. A ganina babban bambancin ma yana wajen masu ita. Hilux ɗin da ake gani a hanyar Illela galibi ta kwastan ce, ko ta soja, ko ta ayarin 'yan siyasa. Manomin albasa bai cika hawanta ba, sai dai ya kauce ya ba ta hanya.