Matakin Ruwa Kafin Faɗuwar Damina: Nazari a kan Madatsun Tiga da Chalawa da Ambaliyar Kogin Haɗeja

Tsakure

Madatsun Tiga da Chalawa ne ke riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke gangarawa Kogin Haɗeja, kuma duk shekarar da ambaliya ta ci garuruwan Jigawa, a kansu ake ɗora laifi da cewa an buɗe su. Wannan maƙala ta nuna cewa buɗewa ko rufewa a watan Agusta ba ya sauya komai mai yawa. Abin da ke yanke hukunci shi ne yawan ruwan da ke cikin madatsun lokacin da damina ta kama.

Gabatarwa

An gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, da ƙarfin riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. A 1992, shekaru huɗu bayan ɓallewar madatsar Bagauda, an rage tsayin mazubar rarar ruwanta don sauƙaƙa wa jikin madatsar nauyi, abin da ya rage ruwan da take riƙewa da wajen kashi ɗaya cikin uku. A wannan shekarar ce kuma aka kammala madatsar Chalawa a ƙasar Ƙaraye, mai ɗaukar fiye da kubik mita miliyan 900. Kogunan biyu suna haɗuwa kafin Wudil, su zama Kogin Haɗeja, ya ratsa Ringim da Auyo da Haɗeja, ya watsu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, sannan ya gamu da Kogin Jama'are wajen Gashuwa su zama Kogin Yobe.

Duka madatsun biyu suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ba don tare ambaliya aka gina su ba. An gina su ne don noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da kwarin Haɗeja, da kuma ruwan shan birnin Kano. Mai noman rani yana son madatsa a cike, wanda gidansa ke bakin kogi yana son ta da sarari, kuma a tsakanin waɗannan buƙatu biyu matsalar take.

Bitar abin da aka faɗa

Ra'ayin da ya fi yaɗuwa shi ne na "an buɗe dam". Ya fito fili a watan Satumba na 2010, lokacin da gwamnatin Jigawa ta ce sakin ruwan Tiga da Chalawa ya shafi mutane kimanin miliyan biyu, hukumar kogunan kuma ta musanta cewa ta buɗe wata ƙofa. Irin wannan magana ta biyo bayan ambaliyar Agustan 2001, ta sake dawowa a 2020 da 2022. Ba a raina wannan ra'ayi, domin masu faɗarsa su ne waɗanda ruwa ya ci gonakin shinkafarsu, ya rushe musu ɗakunan ƙasa, kuma sun gani da idonsu kogi ya ƙaru cikin dare. Sai dai ra'ayin ya ginu a kan zaton cewa madatsun suna da manyan ƙofofi da wani ma'aikaci ke ɗagawa ya saki teku guda. Ginin ba haka yake ba. Mazubar rarar ruwa a Tiga da Chalawa buɗaɗɗiya ce, ba ta da ƙofa: in ruwa ya kai bakinta sai ya haura da kansa, babu mai sa shi, babu mai hana shi. Abin da ke hannun ma'aikata shi ne bawul-bawul na ƙasa, waɗanda aka auna girmansu da buƙatar noman rani da ruwan sha.

Ra'ayi na biyu shi ne amsar da jami'ai kan bayar, cewa madatsa ta cika ta tumbatsa ne, ruwan sama ya yi yawa, ba laifin kowa. Rabin farko na wannan magana gaskiya ne. Rabin ƙarshe kuwa ba ya tsayawa, domin madatsa ba ta cika a rana ɗaya, kuma matakin da ta shiga damina da shi zaɓi ne na mutane.

Daga ɓangaren masana, littafin Hollis da Adams da Aminu-Kano na 1993 a kan fadamun Haɗeja da Nguru, da nazarin Barbier da Thompson na 1998, sun damu ne da ƙarancin ambaliya bayan fari na shekarun 1970 da 1980, suka nemi a riƙa sakin ruwa da damina don masunta da makiyaya da manoman fadama. Goes, a 2002, ya nuna yadda ruwan da ke gudu duk shekara ya haifar da ciyawar kachalla da ta toshe hanyoyin kogin.

Hanyar bincike

An yi amfani da alƙaluman girman madatsun da aka riga aka wallafa, aka yi lissafin shiga da fita na ruwa a Tiga bisa ƙiyasi da aka bayyana a fili, sannan aka gwada sakamakon da tsarin saukar damina a yankin.

Sakamako

A ɗauka bawul-bawul na madatsa suna fitar da kubik mita 50 a kowace daƙiƙa. A yini guda za su fitar da miliyan 4.3, a wata guda wajen miliyan 130. A ɗauka kuma faɗin fuskar tafkin murabba'in kilomita 150 ne. Sauke matakin ruwa da mita ɗaya kacal yana nufin fitar da kubik mita miliyan 150, aikin kwana 35 ke nan, kuma da sharaɗin babu ɗigon da ke shigowa.

Sai a dubi abin da ke shigowa. Ƙasar da ke zuba ruwanta a Tiga ta haura murabba'in kilomita 6,000, ta miƙa kudu har gindin tsaunukan Jos, inda ruwan sama ya fi na Kano yawa. Ruwan milimita 50 a kan wannan fili ya kai kubik mita miliyan 300. A watan Yuni busasshiyar ƙasa ce ke shanye mafi yawansa. A tsakiyar malka kuwa, ƙasa ta riga ta ƙoshi, ko kashi ɗaya cikin biyar ne ya gangara, miliyan 60 sun shiga tafki. Ruwan dare ɗaya ya cinye aikin bawul na mako biyu.

Ma'anar wannan lissafi a bayyane take. Idan Agusta ya tarar da madatsa a kusa da bakinta, ma'aikacin da ke wurin ba shi da abin yi. Ya buɗe bawul duka, abin da zai rage bai taka kara ya karya ba, kuma ya ƙara wa kogin da ya riga ya cika. Ya rufe, ruwan ya bi ta mazuba bayan 'yan kwanaki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sararin da zai tare ambaliyar Agusta da Satumba, tun a Mayu da Yuni da farkon Yuli ake samar da shi.

Akwai wani abu kuma da ke sa wannan ya yiwu a aikace. Tiga babbar ma'ajiya ce da aka tsara don ta ɗauki ruwan shekara mai albarka ta kai shi shekarar fari. Madatsa irin wannan ba kasafai damina ɗaya ke cika ta daga ƙasa ba. Hatsarin yana zuwa ne idan damina mai ƙarfi ta biyo bayan wata mai ƙarfi, rani ya wuce bai sauke ruwan sosai ba. Don haka awon matakin ruwa na ƙarshen Mayu, idan aka haɗa shi da hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon shekara da hasashen ambaliya na hukumar NIHSA, ya isa ya nuna shekarar da ya kamata a fara ragewa da wuri. Rage tsayin mazubar da aka yi a 1992 ya ƙara wa wannan lissafi muhimmanci, domin an kare jikin madatsar, amma sararin da ke tare ruwa ya ragu, tumbatsa ta zama abin da ke saurin faruwa.

Ya kamata a yi wa madatsun adalci a nan. Ko a cike take, madatsa tana rage kaifin ambaliya, domin ruwan yakan bazu a faɗin tafki kafin ya haura a hankali. Ba ta ƙirƙiro ruwan da sama ba ta zubar ba. Abin da ya sauya tun 1974 shi ne kogin da ke ƙasa. Kafin madatsun, Kogin Haɗeja yakan ƙafe da rani, ambaliyar damina kuma ta wanke yashi da ciyawa. Yanzu ruwa yana gudu duk shekara a hankali, laka tana kwantawa, kachalla tana kafuwa. Tsohon Kogin Haɗeja da Burum Gana sun toshe, ruwa ya karkata zuwa hanyar Marma da Tafkin Nguru. Mutane kuma sun yi gini da noma a wuraren da kakanninsu suka bar wa ruwa. Ruwan da a da zai wuce salin-alin, yau sai ya fasa jinga.

Wannan ne ya sa lokacin sakin ruwa yake da muhimmanci kamar yawansa. Sakin da aka yi a tsakiyar rani abinci ne ga kachalla, kuma yana cin gonakin da ake nomawa a gaɓar kogi. Sakin Yuni zuwa tsakiyar Yuli kuwa ya dace da lokacin da kogin ke tasowa bisa ɗabi'arsa, hanya tana da sarari, masu shinkafar fadama suna jiran ruwa, mutanen Gashuwa da na Difa a Nijar suna amfana. Buƙatar da masanan 1993 suka kawo don rayar da fadama da buƙatar kare garuruwa daga ambaliya sun haɗu a kan mataki ɗaya.

Abin da ke hana shi ba ɓoyayye ba ne, tsoron fari ne. Wanda ya ga 1983 da 1984 ba ya son zubar da ruwan da ke hannu, kuma injinan lantarki da gwamnatin Kano ta kafa a Tiga sun ƙara wani dalilin son cikakken tafki. Tsoron yana da tushe, amma maganinsa rubutacciyar ƙa'ida ce da ta faɗi matakin da ruwa bai kamata ya wuce ba a kowane wata, da kuma wanda bai kamata ya sauka ƙasa da shi ba. Idan babu ita, jami'i zai zaɓi riƙe ruwa kullum, domin ana tuhumarsa in noman rani ya tsaya, amma in madatsa ta tumbatsa sai a ce ikon Allah.

Iyakar binciken

Lissafin ƙiyasi ne, ba awon kowace rana ba, kuma bai cire ruwan da rana ke ƙafarwa ko lakar da ta rage zurfin tafkunan ba. Bai shafi ruwan da ke sauka a ƙasan madatsun ba, balle Kogin Jama'are da ba shi da babbar madatsa tun da aikin Kafin Zaki ya tsaya. Waɗannan za su iya motsa alƙaluma, amma ba za su rufe tazarar da ke tsakanin abin da bawul ke fitarwa da abin da malka ke zubowa ba.

Shawara

Jihohi shida na wannan kwari, wato Kano da Jigawa da Yobe da Bauchi da Borno da Filato, sun kafa asusun haɗin gwiwa tun 2006, don haka wurin zama ba shi ne matsala ba. Abin da ya rage shi ne Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta fitar da ƙa'idar matakin ruwa ta wata-wata ga Tiga da Chalawa a haɗe, ta riƙa sanar da awon madatsun a gidajen rediyo da Hausa kowane mako daga Mayu zuwa Oktoba, kuma a gama yashe kogi da cire kachalla kafin Yuni. Mutanen Ringim da Auyo da Haɗeja suna da haƙƙin sanin sararin da ya rage a Tiga tun kafin su zuba iri.